Kambo da Hilla a Ƙasar Jazira

Garin Kamlin yana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a kan hanyar da ta tashi daga Hartum ta nufi Wad Madani. Tsohon gari ne, gama tun wajen 1840, zamanin da Turkawan Masar suke mulkin Sudan, akwai masana'antar sabulu a cikinsa. Ta yamma da shi ƙasa ta miƙe a shimfiɗe kamar tabarma, baƙar laka ce, ba dutse ba tudu, har zuwa Farin Nilu. Wannan fili da koguna biyu suka sa a tsakiya shi Larabawa suke kira Jazira, wato tsibiri. Mazaunin mutane a cikinsa iri biyu ne. Akwai hilla, ƙauyen da yake da suna a littafin hukuma, da makaranta, da tankin ruwa, kowane gida kuma ya san filin da yake kai nasa ne. Akwai kuma kambo, jam'insa kanabi, tarin bukkoki da ɗakunan laka a bakin magudanar ruwa, inda 'yan ƙwadagon gona suke zaune. Kalmar Turanci ce ta sansani, bakin Larabawa ya lanƙwasa ta. Sau da yawa tsakanin hilla da kambon da yake kusa da ita bai fi tafiyar 'yan mintoci a ƙasa ba, amma an yi shekara kusan ɗari mutanen kirki na kowane gefe suna neman abin da zai haɗa su.

Hausawa suna cikin waɗanda suka fara zama a kanabi, ko da yake zuwansu ƙasar ya riga kambo da nisa. Hanyar aikin hajji ce ta kawo su. Tun ƙarnuka da suka wuce mutum yakan bar Kano ko Katsina da jakinsa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ya sami guzuri, sa'an nan ya ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru, waɗansu kuwa ba su kai Bahar Maliya ba, waɗansu sun kai Makka amma a komowa suka yada zango a bakin Nilu. Mutanen Sudan suka sa wa dukan masu fitowa daga yamma suna ɗaya, Fallata ko Takarir, ba su rarrabe Bahaushe da Bafulatani da Babarbare.

Babbar ƙaura ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har Shuɗin Nilu. Suka fara sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Abin mamaki, Ingilishin da suka guje wa a Sakkwato su suka iske suna mulki a Sudan. Ingilishi kuwa ba su kore su ba, suka bar wa Mai Wurno sarautar jama'arsa, domin ƙasar ta yi ƙarancin mutane bayan yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadi, su kuma suna da babban aiki a gabansu mai bukatar hannuwa.

Aikin nan shi ne noman auduga na Jazira. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka ja ruwa cikin magudanai ya shiga fadan 300,000, fadan ɗaya kuwa ya ɗara eka kaɗan. Aka yanka ƙasar gona gona, kowace ana ce mata hawasha, aka raba wa masu ƙasa na asali da danginsu. Ribar audugar kuma aka kasa ta uku: manomi, gwamnati, da kamfanin Turawa mai lura da aikin. Masaƙun Ingila suke jiran audugar. Sai dai hawasha ta fi ƙarfin gida ɗaya, balle lokacin tsinkar auduga, mai hawasha kuma yakan ga riƙe fartanya ƙasƙanci ne a ƙasar da ba a daɗe da barin bauta ba. Saboda haka aka nemi 'yan ƙwadago, mutanen yamma suka amsa. Masu lura da gonaki suka nuna musu gefen magudanai suka ce su kafa bukkoki. Ba a yanka musu fili ba, ba a rubuta wurin a taswira ba, gama an ɗauka baƙi ne na kaka ɗaya. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manakil daga ƙarshen shekarun 1950, har ƙasar noman ta kai fadan wajen miliyan 2, kanabi ma suka ƙaru.

A farkon shekarun 1930 kasuwar auduga ta faɗi a duniya, ciwo kuma ya kama shukar, manoma da yawa suka watsar da gonakinsu. Hukuma ta miƙa waɗansu hawasha ga mutanen yamma, suka riƙe su a lokacin da ba mai so. Da kasuwa ta farfaɗo sai magana ta canja, aka fara tambaya ko wane ne ɗan ƙasa. Dokar 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 bayan samun 'yancin kai, suka ce Basudane na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897. Mai karatu ya lissafa da kansa. Mutanen Burmi sun makara da shekara shida ko fiye, masu zuwa aikin auduga kuwa da shekara talatin. Jikan da aka haifa a bakin Nilu, wanda bai taɓa ganin Kano ba, Larabci kuma ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, sai ya wayi gari baƙo ne a takarda. An matso da ranar zuwa 1924 a shekarun 1970, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan an riga an gama rabon gonaki.

Gaskiya ita ce, Hausawa ma suna da nasu rabo a cikin wannan nisa. Wani masani ɗan ƙasar Gana, C. Bawa Yamba, ya zauna da su a ƙauyukan Jazira da Wad Madani, ya rubuta littafi a kansu a 1995. Ya iske mutanen da kakanninsu ne suka zo, amma har yanzu suna kiran kansu alhazai masu kan hanya. Ba su son gina gidan da zai daɗe, don kada ya zama alamar sun fasa tafiya. Da yawa ba su sa 'ya'yansu a makarantar gwamnati ba, allo ya ishe su. Wannan hali ya tsare musu harshe da addini da mutuncin kansu, amma ya yi wa hukuma daɗi ƙwarai, gama wanda ya ce shi matafiyi ne ba ya neman a haƙa masa rijiya. Ba duka suka zauna a kambo ba. Waɗansu sun sami ƙauyukan kansu a bakin kogi, suna su da noman fadama, waɗansu suna unguwannin birni suna ɗinki da fawa da ƙananan sana'o'i. Amma sunan Fallata ya bi su duka.

Duk da haka ba a zauna kowa da nasa ba. Akwai abubuwan da suka haɗa kambo da hilla waɗanda ba hukuma ce ta kafa su ba, ba kuwa wanda ake biya domin su. Na fari shi ne nafir. Bahaushe bai bukaci a fassara masa shi ba, gama gayya ce sak: mai aikin da ya fi ƙarfinsa ya kira maƙwabta, ya dafa abinci, a taru a yi masa yini ɗaya. Na biyu shi ne halwa, makarantar allo ta shaihunan ɗarika. A Umm Dubban, hayin kogi ta gabas, halwar da Shaihu Ubaidu Wad Badar ya kafa a ƙarni na 19 tana karɓar almajiri daga ko'ina, ta ciyar da shi, ba a tambayarsa ƙabilarsa. Malaman Hausawa kuwa sun yi suna wajen rubutun sha da laya, har Balaraben da ba zai ci abinci a kambo ba yakan lallaɓa can da dare neman taimako. Na uku su ne ajawid, dattawan sulhu. Idan dabbar kambo ta shiga gonar hilla, ko yara suka yi faɗa aka fasa kai, su suke zama a ƙarƙashin itace su kashe wutar kafin ta kai ga 'yan sanda. Zaman nasu ana ce masa judiyya, ƙarfinsa kuwa kunyar idon dattijo ce kawai.

Har ciki da kunne ma sun yi nasu aiki. Tsiren da ake sayarwa a titunan Hartum da Madani sunansa agashe, ba wanda zai ji kalmar ya rasa inda ta fito. Mace ta fari da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, a farkon shekarun 1940, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka sani da A'isha Fallatiyya, uwarta Bahaushiya ce, ta rasu a 1974. Amma waɗannan abubuwa duka suna da inda suka tsaya. Mai hawasha yana iya zuwa gaisuwar mutuwa a kambo, yana iya yin noman raba-daidai da Bahaushe shekara ashirin, musamman na gyaɗa da dawa, ba su taɓa saɓawa ba. Ba zai ba shi 'yarsa ba. Ranar da mutanen kambo suka nemi a yanka musu filin gida kuwa, ajawid ba su da ta cewa, domin ƙasar ba a hannunsu take ba.

Da tafiya ta yi nisa kambo ya canja kama. Farin shekarun 1970 da yunwar 1984 zuwa 1985 suka turo mutane daga Darfur da Cadi da Kurdufan, yaƙin Darfur na 2003 ya ƙaro waɗansu. Tama, da Bargo, da Fur, da Masalit, da Zagawa, da Nuba suka zauna kusa da Hausawa da Fulani da Barebari, wani lokaci kowa da kambonsa, wani lokaci a cakuɗe. Harsunansu ba su jin juna, Larabci ne ya zama na kasuwa da na wasan yara. Waɗannan sababbin zuwa yawancinsu 'yan Sudan ne da ba mai shakkar takardarsu, amma takardar ba ta fisshe su daga bakin magudana ba. Ruwan da dabbobi suke sha shi mutane suke sha, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro kuwa suka zama 'yan gida. Sa'an nan aikin Jazira kansa ya soma lalacewa. Bayan dokar 2005, wadda ta sakar wa manoma ragamar abin da za su shuka ta kuma janye hannun hukuma, magudanai suka cika da laka, auduga ta ja baya. Hilla tana ƙaruwa tana bukatar fili, kambo ma yana ƙaruwa, filin da yake tsakaninsu kuwa bai ƙaru ba.

A cikin wannan hali ne, a 2013, waɗansu 'ya'yan kanabi da suka sami ilimin zamani suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Mu'utamarul Kanabi, wato Babban Taron Kanabi. Wanda aka fi jin muryarsa a cikinsu shi ne babban sakatarenta, Ja'afar Muhammadain. Sunan da suka zaɓa abin lura ne. Ɗan kambo zagi ne a Jazira, yaron da ya shiga makarantar hilla yakan ɓoye inda yake kwana. Su kuwa suka ɗauki zagin suka yi tuta da shi. Dalilin a fili yake: ba wani suna da zai tara Bahaushe da Batame da Banube in ba wannan ba. Ƙungiyoyin ƙabila sun daɗe a Sudan, kowace tana neman wa nata. Wannan ita ce ta ce wa mutanen da ba su haɗa harshe ko kaka ba, abin da ya dame ku ɗaya ne, ku san juna tukuna kafin ku nemi hilla ta san ku. Aikin nan na cikin gida ba ƙarami ba ne, gama mazauna kanabi ma suna da nasu raini a tsakaninsu, wanda ya riga zuwa yana ganin ya fi na baya.

Sai suka shiga ƙidaya. Bisa ga lissafin ƙungiyar, kanabin da suke jihar Jazira sun haura 2,000, mazaunansu kuma sun wuce miliyan 2. Mai neman hakki ba ya rage adadinsa, wannan sananne ne, amma ko an zaftare kashi mai yawa abin da ya saura ya isa ya tayar da hankali. Abin da suka roƙa ba baƙon abu ba ne: filin gida mai takarda, ruwa mai tsabta, makaranta, asibiti, da kujera a inda ake yanke shawara. Ba su ce a ƙwace hawashar kowa ba. Duk da haka da yawa daga mutanen hilla sun ji tsoro, suna ganin wanda aka ba filin gida yau gobe gona zai nema. A shekarar nan ta 2013 kuma ambaliya ta ci gefen Hartum, matasa suka kafa ƙungiyar agaji suka sa mata suna Nafir, tsohuwar gayya ta shiga birni da wayar hannu. Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a watan Afrilu na 2019 bakin mutane ya buɗe, maganar kanabi ta fito a jaridu da tarurrukan siyasa yadda ba ta taɓa fitowa ba.

Hausawan kudu, na jihar Shuɗin Nilu wajen Damazin da Rusairis, wata hanya suka bi. Su sun nemi a ba su masarautar kansu a cikin tsarin sarautun gargajiya. A Sudan kuwa sarauta da ƙasa a ɗaure suke, wanda aka naɗa an yarda ke nan yana da ƙasa. Ƙabilun da suke ganin ƙasar ta kakanninsu ce, irin su Barta da Hamaj, suka ƙi, 'yan siyasa kuma suka sa hannu ta kowane gefe. A watan Yuli na 2022 faɗa ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 100, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Madani da Hartum. A watan Oktoba ya sāke tashi a Wad al-Mahi, wajen mutum 200 suka hallaka cikin kwana biyu. Dubban iyalai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu, inda 'yan'uwa da matasan unguwa suka sauke su a makarantu. A watan Janairu na 2023 shugabannin ƙabilun suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman tare a Damazin. Neman Hausawan ba laifi ba ne, mutanen da suka shekara ɗari a wuri suna da bakin tambaya. Amma roƙon da aka yi da sunan ƙabila ɗaya ya tashi sauran ƙabilu tsaye, abin da masu Taron Kanabi suka yi ƙoƙarin kauce wa tun farko.

Wata uku bayan yarjejeniyar Damazin, ran 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya tashi a Hartum tsakanin sojan gwamnati da rundunar Da'amus Sari. Mutanen birni suka kwararo kudu ta hanyar Madani, Kamlin da ƙauyukanta suna cikin zangon farko. Nan aka ga abin da gayya take iyawa. Matasa suka kafa abin da suka kira ɗakunan gaggawa, suka girka manyan tukwane a makarantu da masallatai. Ɗakin girkin suka ce masa takiyya, sunan wurin da shaihunan ɗarika suke ciyar da baƙi. Ba a tambayar mai miƙo kwano ko shi wane ne. Waɗannan ɗakunan gaggawa na Sudan sun sami lambobin yabo na duniya a 2025, a Nowe da Suwidin, da yawa daga masu aikin kuwa an kama su ko an kashe su.

A watan Disamba na 2023 Da'amus Sari ta ci Wad Madani, Jazira ta shiga shekara guda ta wahalar da ba ta taɓa gani ba. Aka washe ƙauyuka, aka kwashe motoci da hatsi da injunan ban ruwa. A Wad an-Nura an kashe fiye da mutum 100 a watan Yuni na 2024. A Sariha, ƙauye a ƙaramar hukumar Kamlin, an kashe fiye da 120 a watan Oktoba na shekarar nan. Waɗannan mutanen hilla ne, zafin da ke zuciyar danginsu kuwa na gaske ne. Sai magana ta bazu cewa 'yan kanabi ne suke nuna wa maharan hanya, a kanabi ake ɓoye kayan sata. Yaƙin ya ja matasa daga kowane gefe, har babban kwamandan Da'amus Sari a Jazira a lokacin, Abu Akila Kaikal, ɗan yankin Buɗana ne na gabashin kogi, ba ɗan kambo ba. A watan Oktoba na 2024 ya koma wajen soja da mutanensa. Amma laifin ɗaiɗaikun mutane aka ɗora wa jama'a duka, ya kuwa zauna daram, domin shekara tamanin na raini sun riga sun share masa wuri.

Ran 10 ga Janairu 2025, kwana ɗaya kafin soja su karɓe Madani, mayaƙan Kaikal suka faɗa wa Kambo Ɗayyiba, gabas da birnin. Ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tabbatar an kashe aƙalla mutum 26, an ƙone gidaje, an kore dabbobi. Taron Kanabi, wanda aka kafa domin neman filin gida da famfo, ya koma tattara labarin ƙauyukan da aka ƙone yana kai wa jaridu. Lauyoyin sa kai na Sudan, waɗanda suka yi ta tona asirin ta'asar Da'amus Sari a kan mutanen hilla, su ma suka fito suka yi tir da abin da aka yi wa kambo. Rundunar soja ta ce laifin waɗansu ɗaiɗaiku ne, Janar Burhan ya kafa kwamitin bincike. Ba da daɗewa ba soja suka karɓe Hasahisa da Kamlin. A watan Yuli na 2025 Tarayyar Turai ta sa wa Kaikal takunkumi, takardar hukuncin kuma ta ambaci mutanen Kanabi da sunansu.